Sunan da Na Kulle Wayata da Shi

Sai da ta kai ana ɗaure wa tsohuwar wayata baya da roba kafin na yarda na rabu da ita. In na baro Masaka da sassafe da cikakken caji, tun muna cunkoson Nyanya take fara numfashi sama-sama, kafin in sa hannu a rajistar ofis ta mutu murus. A sashenmu na ajiyar fayil a ma'aikata na zama abin tsokana. Ogana ma da ba ya wasa da kowa ya taɓa tambayata ko gadonta na yi. Na ce masa ranka ya daɗe, in ta tsone maka ido ai kasuwar Wuse ba ta tashi ba. Bai saya mini ba, amma dai bai ƙara yi mini maganar ba.

Wata Asabar na ɗauki jakata na shiga tasi mai kore da fari, na sauka Wuse. Shagon da na faɗa na wani dattijo ne Bakano mai jan gemu, wanda ya fi malamin makaranta son bayani. Ya jera mini waya uku a kan gilashi. Ta farko, in ji shi, ta manya ce, sai mutum ya sayar da fili. Ta ƙarshe kuma ya ture ta gefe da ɗan yatsa, ya ce araha ba ta ado. Sai ya ɗauko ta tsakiyar ya ɗora mini a hannu, ya ce Hajiya, daidai ruwa daidai tsaki.

Wallahi tun kafin ya kunna ta na ji ta kwanta mini. Ba nauyi, ba kauri, ta zauna a tafin hannu kamar an auna. Bayanta shuɗi ne a inuwa, da ya karkata ta wajen ƙofa sai ya koma kore-kore. Idanun kyamara uku ne a kusurwa kamar duwatsun murhu, ko da yake har yau ina zargin ɗaya daga ciki kwalliya ce kawai. Fuskarta faɗi gare ta, rubutu ɓaro-ɓaro, ba sai na laluɓo tabarau ba. Tana cin layi biyu. Ya ce batirinta kwana biyu yake yi, na ce Malam ba girin-girin ba, ta yi mai. Muka ja ciniki har ya rantse da abin da zai rantse, na biya.

Nan take ya saita mini ita. Ya sa na ɗora babban yatsana a kan maɓallin gefe sau da yawa har ta san shi, ya sa na kalle ta ta san fuskata. Sannan ya ja mini kunne: duk bayan kwana uku, ko in an kashe ta an kunna, ba ruwanta da yatsa ko fuska, sai an rubuta mata kalmar sirri. Ya ce kada in sa ɗaya biyu uku huɗu irin na malalata, a motar haya na kusa da mutum idonsa na kan hannunsa. In sa abin da ko daga barci aka tashe ni ba zan manta ba. Ya miƙo mini, ya kau da kai. Ni kuwa na juya wa shagon baya, na rubuta sunan 'yata ta fari.

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a yabonsa, in ya faɗi ma sai dai wani ya ɗaga shi. Haka na tashi na ga Inna, mahaifiyata, tana yi wa yayanmu, haka ni ma na yi. Na yi jami'a, ina aikin gwamnatin tarayya, Turanci nake zubawa daga safe har la'asar, amma wannan abu guda boko bai wanke mini shi ba. Ana yaye yarinyar Inna ta zo ta goya abarta, ta tafi da ita ƙauyenmu can wajen Malumfashi. Ba ta dawo hannuna ba sai da za ta shiga jami'a. In zan kira ta sai in ce "ke". In da ƙannenta nake magana, "yayarku". In da baƙi ne, "'yar Inna". Shekara ashirin da biyar sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba.

Ni a ganina kowa ya san kunya ce. Ashe ba haka ba. Wata rana ina shigowa da cefane na ji ta a kicin tana ce wa ƙanwarta, cikin dariya, ai ita 'yar Inna ce, Umma su ta haifa. Da wasa ta faɗa, amma na san irin wasan nan da ake naɗe gaskiya a ciki. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai. Na tsaya a bakin ƙofa da ledar tattasai a hannu, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambaya wa ya bar famfo yana ɗiga. Ga shi kuma ta kawo wanda take so, manya sun shiga maganar. Tsorona ɗaya ne: kada yarinyar nan ta bar gidana tana zaton ita ce ba ta da wuri a zuciyata.

To, abin da bakina ya kasa, yatsana ya ɗauka. Duk bayan kwana uku wayar nan sai ta tubure ta ce sai kalma, ni kuma in ja mayafi in kare, in rubuta harafi ɗaya bayan ɗaya. A mota na rubuta, a ofis na rubuta, a layin asibiti na rubuta. Ban taɓa jin haushin wannan tambaya tata ba.

Ita kuwa wayar, Bakanon nan bai yi ƙarya ba. In an ɗauke wuta a unguwarmu kwana biyu, wayoyin gidan duk su yi barci, tawa ce take haska mana kicin. In wuta ta ɗan leƙo na jona ta, kafin ruwan tuwo ya tafasa ta sha abin da zai kai ni ofis ya dawo da ni. Muryarta kuma a buɗe take, in na sa karatu a ɗaki na waje yana ji. Wata rana a kasuwar kifi ta Kado, ina cikin jayayya da mai tarwaɗa, ta zame daga hammatata ta faɗa bahon kifin. Na yi salati, na cusa hannu cikin tarwaɗa masu rai na tsamo ta. Na goge da gefen zani, na danna, ta kawo haske ba ko tari. Sai dai kwana biyu duk wanda na miƙa wa ya ga hoto sai ya tambaya ko miyar kifi muka yi.

Aibinta guda, kyamarar ba ta da gaskiya. Da kanta take goge wa mutum fuska ta ƙara masa haske. Maƙwabciyata ce ta fara kama ta. 'Yar Gbagyi ce, Kirista, manomiya, tun kafin a san za a yi wani gari wai shi Abuja kakanninta suke noman doya a yankin. Na ɗauke ta da tulin doyarta don ta tura wa ɗanta, ta duba ta ce wannan ba ita ba ce, ina aka kai mata tamojinta da ta sha rana kafin ta samu? 'Yar Inna ce ta karɓa ta shiga cikin saiti ta kashe abin. Duk wani gyaran wayar ita take yi mini, amma kullum sai na buɗe da yatsana nake miƙa mata. Maƙwabciyar nan kuma ta sha yi mini tsiya a kan kunyata. Da irin Hausarta take cewa, "Mama, yaro naka ne, kai ka haife shi, ka ƙi kira shi? Wannan al'ada naku ya fi ƙarfina."

Da aka sa ranar biki na tafi gida in sanar da Inna. A zuriyarmu kaka ce take fara taɓa wa amarya lalle a tafin hannu, ta yi mata faɗa da addu'a, sannan kowa ya biyo baya. Amma ƙafafun Inna sun daina doguwar tafiya, kunnenta kuma ya yi nauyin da ba a iya magana da ita ta waya. Da na sanar da ita, ta yi tagumi. Sai na ce mata ai abin nan yana ɗaukar murya ya ajiye. Ta kalli wayar ta kalle ni, ta ce ƙaryar 'yan birni. Na ɗauki tarinta na sa mata ta ji, ta kama baki. Daga nan ta ce in danna in ajiye mata a kan cinya in fita, ba da ni za ta yi magana ba. Na fita na zauna gindin darbejiya ina kallon kaji, ina jiyo tashin muryarta ba na gane abin da take cewa. Da ta gama ta sa na yi mata alkawari: ba ni, ba kowa, ba mai ji, ba kuma mai tura shi wata waya, sai ranar lalle. Ƙanwar Inna, wadda muke kira Inna Ƙarama, za ta zo a madadinta, amma ba za ta taɓa lalle ba sai muryar ta gama. Na riƙe alkawarin nan wata uku, duk da sau da yawa yatsana ya je bakin wurin ya dawo.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ban san karin maganar nan ni take jira ba.

Ranar Alhamis ce. Tun safe nake kan ƙafata tsakanin tukwane, shi ya sa ni ce ta ƙarshe da mai ƙunshi ta kama, bayan azahar. Ta manna mini zanen salatif, ta damɓara lalle hannu da ƙafa, ta naɗe da leda, ta ƙara da tsumma ta ɗaure tam har wuyan hannu. Kafin ta ɗaure sai da tunanin wayar ya zo mini, na ce a raina ai fuskata a waje take, ta isa. Hidimar biki ta sa ban lissafa kwanaki ba. Aka jingine ni a bakin ƙofar ɗakina a kan tabarma, ƙafafu bisa matashi, hannuwa sama kamar mai jiran a ba ta jariri.

Ana idar da la'asar dangin ango suka iso da turarensu da kwanon lalle, suna cewa a hanzarta don su koma cikin gari kafin hanya ta cushe. Falo ya cika da mata. Aka fito da amarya lulluɓe aka zaunar a tsakiya. Inna Ƙarama ta gyara zama, ta ce a kawo muryar yayarta. Maƙwabciyata ta ciro wayar daga jakata ta saita mini a fuska. Na kalle ta. Shiru. Na buɗe ido sosai, na yi murmushi, na ɗaure fuska irin ta ofis. Wayar nan da na tsamo daga bakin tarwaɗa ta dube ni ta ce ba ta san zance ba, kwana uku sun cika, a rubuta kalma.

Tirƙashi. Na ce a fara sa lallen, a ji muryar daga baya. Inna Ƙarama ta ce ko za a kwana a nan ba ta saɓa wa yayarta. Na ce wa mai ƙunshi ta kwance mini hannun dama. Ta hau mita, wai ko awa biyu bai yi ba, zai fito kamar an shafa manja, gobe a ce ita ce ba ta iya ba. Duk da haka ta durƙusa ta fara warware tsumman. Ana cikin haka hannu ya fito daga ƙarƙashin mayafin amarya, ta ce a ba ta, ita ta san kan wayar Umma. Ta tambaye ni lamba ce ko kalma. Bakina ya riga hankalina, na ce suna ne.

Shi ke nan, abu ya zama wasa. Ta ɗage mayafin kaɗan, ta ce ai wannan ba wuya, ta rubuta sunan auta. Waya ta girgiza. Mata suka sa dariya, wata ta ce a gwada na maigida. Ta gwada, ta ƙi. Ta sa na Inna, ta sa na ƙanwarta mai bi mata, ta sa na ƙaninta. Wayar ta gaji ta ce a dakata rabin minti. Amarya ta ajiye ta a cinya, ta waiwayo tana dariya har da hawayen dariya.

"Umma, sunayen gidan nan fa sun ƙare."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Ta ƙirga mutanen gidana kaf, har da wadda take Malumfashi, ba ta ƙirga kanta ba. Ba kuma kawaici ta yi ba, na ga fuskarta, abin ko zuwa ranta bai yi ba. Saura ƙulli ɗaya mai ƙunshi ta fitar mini da hannu. Da na yi shiru na minti ɗaya, da na rubuta abina a ɓoye yadda na saba, a yi biki a watse, jibi a kai ta ɗakinta da wannan lissafin nata. Na ce wa mai ƙunshi ta bari.

Sai na faɗi sunan. Muryar da ta fito ma ban san ta ba, a shaƙe, kamar ta mai mura.

"Na'am?" in ji ta, tana waige-waige ta ga wa ya kira ta. Sai idonta ya dawo kaina.

Na ce, "Shi ne. Rubuta."

Ta sunkuya ta rubuta, ta yi kuskure. Ta goge ido da bakin mayafi ta sake. Waya ta buɗe. Maƙwabciyata ce ta fara rangaɗa guɗa, ita da ban taɓa sanin ta iya ba, tana cewa yau Mama ya kira yaronsa. Inna Ƙarama ta riƙe haɓa tana salati, ta ce lallai Abuja ta gama da ni. Ni kuwa kunya ta rufe ni, ga shi ba hannun da zan rufe fuska, sai na tura kai cikin kafaɗa. Amma wallahi wani sanyi na ji a ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka haife ta.

Aka danna muryar Inna, aka ƙure ƙara. Abin da ya fara fitowa shi ne, "Ya fara? Ke, abin nan ya fara?" sai ƙarar rufe ƙofa. Mata suka kwashe. Sannan Inna ta shiga yi wa ƙawarta, haka take kiran jikar tata, tsiya: wai wa zai auri mai barcin safe, ta tausaya wa yaron nan. Ta tuna mata ranar da ta zuba sukari a miyar kuka. Ta yi mata faɗa a kan haƙuri da riƙon sirri da girmama dangin miji, ta yi addu'a doguwa muna amsawa da amin. Har Inna Ƙarama ta miƙa hannu wajen kwanon lalle, sai muka ji Inna ta yi gyaran murya a wayar.

"Uwarki kuma ki yi mata uzuri. Ni na koya mata kunya, ta zo ta fi ni iyawa. Da kina wurina, wata ba ya ƙarewa ba ta zo ba, wai ni ta zo dubawa, alhali ko ciwon kai ba na yi. Sunanki dai kada ki sa rai. Wannan ba za ki ji shi a bakinta ba har abada."

Ai kuwa falo ya ɗauka. Dangin ango da suke sauri har da masu riƙe ciki. Inna Ƙarama tana dariya tana share hawaye, ta ce a bari ita za ta kai wa yayarta labarin nan da bakinta. Ta lakaci lalle ta sa wa amarya a tafin hannu, aka fesa turare, guɗa ta tashi.

Da aka gama, amarya ta taso ta zo ta durƙusa ta kifa kai a cinyata, a gaban kowa. Na rungume ta da hannuwana na leda, na ɓata mata mayafi da lalle. A hankali ta tambaye ni tun yaushe. Na ce tun ranar da na sayo ta a Wuse. Ta ce to yanzu kowa ya sani, ta canza mini wani? Na ce ta bar mini kayata yadda ta gan ta.

Lallen hannun daman nan bai kama sosai ba, a duk hotunan bikin ana ganin ya fi na hagu haske. Mai ƙunshi har yau ba ta yafe mini ba. Wayar kuma tana nan, kusurwarta ɗaya ta tsage, batirin ya koma kwana ɗaya da rabi, ogana ya fara tambaya ko ita ma sai an ɗaure ta da roba. Kowace safiya, daidai muna cunkoson Nyanya, take ƙara a cikin jakata. In na ɗauka na ce "Ke, ya aka yi?" sai yarinyar nan ta yi gum, ina jin numfashinta, ina jin tana danne dariya. Dole in juya wajen taga, in ja mayafi in kare bakina, in faɗa. Sannan ta ce, "Na'am, Umma. Ina kwana?"